Wa ya taɓa shiga dajin Omo daga nan Legas? Ina neman shawara kafin in kwashi yara

Baban Aisha, Agege

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zancen zai ɗan yi tsawo.

Ni dai a nan Agege aka haife ni, kakana ne ya fara zuwa fataucin goro ta jirgin ƙasa har ya zauna, mahaifina ma goron ya gada, ni kuma shagon kayan waya ne da ni. Yarana huɗu duk a nan aka haife su. To babbar sallar da ta wuce mun je Kano ganin dangi, sai 'ya'yan ƙanwata suka sa yaran nawa a gaba da 'yan Kurmi 'yan Kurmi, wasan taubasai dai. Da muka dawo muna daidai Berger sai babbar, shekararta 12, ta leƙa taga ta daɗe tana kallo, can ta ce min Baba wai ina kurmin yake? Ba komai a wajen sai gada da kwalta da tireloli da allunan talla. Wallahi shiru na yi, don ni kaina shekarata 41 a ƙasar da mutanenmu ke kira Kurmi amma ban taɓa sa ƙafata cikin kurmi ba. Iyakata in hango duhun itatuwa ta tagar mota in za mu Shagamu sarin goro da tsoho lokacin yana da rai, Allah ya jiƙansa. Dajin da na taɓa shiga don buɗe ido guda ɗaya ne, Yankari, tun ina saurayi, muka yi wanka a Wikki muka hango giwaye daga nesa, amma ai wancan dajin Arewa ne, kana tsaye kana ganin abin da ke gabanka.

Tun ranar abin yake cina a rai. Yaran nan daga gida sai boko sai Islamiyya sai talabijin, itacen da suka sani shi ne mangwaron bakin masallacinmu, shi ma an sare rabinsa saboda wayar lantarki. Na yi ta cigiya har wani kwastomana Bayarabe ya ce min akwai gandun daji na gwamnatin jihar Ogun da ake kira Omo, gaba da Ijebu Ode, wai har giwaye akwai a ciki kuma mutane suna zuwa su kwana. Na duba hotuna a waya gaskiya raina ya biya.

To wanda ya taɓa zuwa dan Allah ya faɗa min, ya hanyar take, ƙaramar mota irin Corolla za ta shiga? Wane wata ya fi? Yara masu shekara 12 da 9 da 6 za su iya, ga kuma mai shan nono? Ya batun kwana da sallah da abinci? Sannan uwa uba tsaro, don uwargida ta ce sam ba da ita ba, ita 'yar Zamfara ce, kalmar daji kawai in ta ji sai jikinta ya yi sanyi, kuma ni ban ga laifinta ba. Na gode, Allah ya bar zumunci.

Direban Apapa

Wa alaikumus salam Baban Aisha. Ni ban taɓa shiga can ƙuryar dajin ba amma hanyar kam na sha ta, shekara da shekaru ina ɗaukar kaya daga Apapa zuwa Benin da Anacha. In ka fita ta Berger ka wuce Kara ka miƙe titin Badun, kana zuwa Shagamu sai ka karya ka kama hanyar Benin, ka wuce Ijebu Ode ka ci gaba kamar za ka Ore, akwai mahaɗar da ake ce wa J4, duk direban da ke bin hanyar ya santa, nan ake sauka daga babban titi a nufi dajin. Mutanen Ajah da Lekki su kan bi ta Epe su ɓulla Ijebu Ode, amma kai daga Agege Berger ce taka. A lissafi wajen kilomita 135 ne daga Legas, sai dai ka san hanyar nan ba da kilomita ake auna ta ba, da goslo ake aunawa. Ka yi sallar asuba ka tada mota, kar ka bari gari ya waye maka kafin doguwar gada, kuma ka duba kar tafiyarka ta haɗu da ranar da manyan cocinan nan na bakin hanya suke taro wajen Mowe, in ta haɗu za ka yi azahar ba ka kai Shagamu ba.

Batun Corolla kuma, za ta kai ka har garin J4 amma ban ba ka shawarar ka tura ta cikin daji ba. Jar ƙasa ce, kuma motocin gungume sun gama da ita, irin tsofaffin nan da za ka ga ba ƙofa ba fitila sun ɗauko itace uku kacal amma kowane ɗaya ya fi ƙarfin mutum biyu su rungume. Inda tayarsu ta bi in ruwa ya sauka rami ne sosai, ƙaramar mota cikinta zai zauna a ƙasa. Mutanen wajen babur suke hawa, ko mota mai tsayi. In kana bayan motar gungume kuma ka ba ta rata mai kyau, sarƙa ce kawai ta riƙe kayan.

Wata kuwa, daga Disamba zuwa Fabrairu. Damina a can tana farawa da wuri tun wajen Maris ko Afrilu ta kai har Oktoba, kar ka kuskura. Kuma ko yaushe ka je kar ka yi tafiyar dare a tsakanin Ore da Shagamu, mu ma da manyan motoci muna neman inda za mu kwanta ne in magariba ta yi.

Maman Hanifa, Idi-Araba

Salam. Baban Aisha ni kam ina bayan uwargidanka, kuma ba don tsoro kaɗai ba. Mai shan nono da ɗan shekara 6 ba inda za su a wannan tafiyar, wahala kawai za ka ba su ka ba uwarsu. Me zai hana ka fara da na cikin gida? Nan kan titin Lekki zuwa Epe, daidai wajen Chevron, akwai Lekki Conservation Centre, mun kai ɗaliban Islamiyyarmu bara kuma na sake komawa da nawa yaran. Ƙungiyar nan ta kare gandun daji da namun dawa, NCF, ita ta kafa shi tun 1990, faɗinsa hekta 78. Da ka shiga get ɗin ka yi taku kaɗan sai ƙarar motoci ta fara ja baya, wallahi har mamaki yake ba ni a ce cikin Legas nake.

Fadama ce, don haka katako aka shimfiɗa aka yi doguwar hanya a kan ruwan, kana tafiya itatuwa sun rufe ka ta sama, ƙasanka ruwa ne baƙi ƙirin saboda ganyen da ya ruɓe a ciki. Birai ne ko ta ina, ƙanana masu farin ciki da dogon wutsiya, sun saba da mutane fiye da kima. A gabana wata ɗalibata ta fito da biskit daga jaka, kafin ta buɗe wani ya diro ya zauna a kan makarin katakon dab da hannunta, ya miƙo 'yan yatsunsa baƙaƙe masu farce kamar na jariri ya zare ledar a hankali, ya koma reshe ya yage ta da haƙori yana kallonmu. Yarinyar ta tsorata da farko amma har muka dawo gida labarin da take bayarwa kenan. Don haka abinci ya zauna cikin jaka mai zif har sai kun isa filin hutawa na can ciki, akwai rumfuna da ciyawa da tafkin kifi, nan muka shimfiɗa tabarma muka ci dambu muka yi sallah. Akwai kunkuru babba tsoho da yake yawonsa, akwai ɗawisu.

Abin da ya fi jan mutane shi ne gadar sama, wadda aka rataye a tsakanin hasumiyoyin ƙarfe, tsawonta mita 401, inda ta fi tsayi ya haura mita 22 daga ƙasa. Faɗinta na mutum ɗaya ne, raga ce ta dama da hagu, kuma tana lilo da kowane taku. Na hau, kuma ina gaya wa mata 'yan uwana a sa wando a ƙarƙashin zani ko abaya, a ɗaure hijabi sosai saboda iska, a sa takalmi mai rufi ba silifas ba. In ka kai tsakiya kan itatuwan yana ƙarƙashin ƙafarka, kore shar har inda ido ya tsaya, can kuma ga benayen Lekki sun kewaye shi. A nan ne hawaye ya zo min, don sai na gane duk unguwannin nan haka suke a da. Ƙananan yara ba a barinsu su hau, ka shirya musu zuciya tun daga gida kar a yi kuka a wajen. Kuɗin gadar daban yake da na shiga, kuma ku je ranar aiki da safe in da hali, Asabar da ranakun hutu cika yake yi, hayaniya ta kori duk abin da kuka je gani.

In kun ji daɗin wannan akwai LUFASI ma gaba da Ajah, shi ya fi ƙanƙanta.

Ɗan Bichi

Yaya Baban Aisha barka da dare. Ni na je Omo, na kwana biyu a ciki, lokacin ina bautar ƙasa a wata makaranta a ƙasar Ijebu muka haɗa kuɗi mu bakwai muka tafi a watan Janairu. Abin da Anti Maman Hanifa ta faɗa gaskiya ne ka fara da Lekki, amma ina roƙonka kar ka tsaya a nan, don Lekki ɗanɗano ne kawai. Omo ya haura hekta 130,000, ka ga ya fi kashi ɗaya cikin uku na jihar Legas gaba ɗayanta. Tun 1925 zamanin Turawa aka keɓe shi, a 1977 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake karewa saboda halittun da ke ciki.

Abu na farko da zan gaya maka don kar ranka ya ɓaci, da ka bar J4 ba kurmi za ka fara gani ba. Za ka daɗe kana wuce itatuwan malaina da aka dasa a jere a jere don katako, sai gonakin koko, wanda ake cakulan da shi, da ayaba da 'yan ƙauyuka. Ni har na fara cewa a raina ashe wannan ne dajin da ake ta faɗa. Sai da muka sauka daga babura muka tsallaka kogin Omo a kwalekwale muka kama tafiyar ƙasa da jakunkunanmu a baya, sannan na san na shigo wani waje dabam. Sansanin da ake sauka sunansa Erin, wato giwa da Yarbanci, 'yan ɗakunan katako ne a tsakiyar daji.

Yaya ban san yadda zan kwatanta maka ba sai dai in ce da tsakar rana ne amma hasken kamar na bayan la'asar sakaliya. Rana ba ta taɓa ƙasa sai ɗigo ɗigo. Mu da muka taso a Arewa mun saba daji ciyawa ce da ƙaya da itace nan ɗaya can ɗaya, to can ba ciyawa a ƙasa ma sam, ganye ne ruɓaɓɓe mai laushi kana takawa ba a jin sawunka, ga wani ƙamshi kamar na ƙasar da aka yi wa ruwan farko amma ya fi shi nauyi. Itatuwan miƙewa suke sambal ba reshe sai can sama inda sai ka riƙe hularka kafin ka hango. Ka san saiwar rimi yadda take fitowa kamar bango? To akwai wadda na shiga tsakanin saiwoyinta biyu na tsaya, sun fi ni tsayi, abokaina da ke ɗaya gefen ba sa ganina. Ga igiyoyin itace masu kaurin cinya sun sauko daga sama sun nannaɗe juna. Iska ba ta motsi, ba zafin rana amma cikin minti goma rigata ta jiƙe sharkaf.

Giwa kuwa gaskiya ba mu gan ta ba, kuma yawancin masu zuwa ba sa gani, duk wanda ya ce maka tabbas za ka gani kuɗinka yake so. Sun yi ƙaranci kuma suna gudun mutane. Amma mun ga inda suka bi. Jagoranmu, wani dattijo da ya ce da can maharbi ne kafin ya koma aikin gadin dajin, ya tsaya a bakin wani rafi ya nuna mana sawu a cikin laka, zagayayye kamar faranti, ruwa ya taru a ciki, na sa ƙafata da takalmi ta shige da sauran wuri. Gaba kaɗan ga kashinta tuli guda, ya sa sanda ya tona ya nuna mana ƙwallayen 'ya'yan itace a ciki, wasu har sun fara tsiro, fararen saiwoyi sirara. Ya ce akwai itatuwan da giwa ce take shuka su, ta ci a nan ta je ta sauke a wani waje mai nisa da takinsa da komai, in giwa ta ƙare su ma a hankali za su bi ta. Wannan maganar har yau tana raina. Kuma ba irin giwar Yankari ba ce, ta kurmi ta fi ƙanƙanta, kunnenta ya fi zagaye, haurenta a miƙe yake yana kallon ƙasa don kar ya sarƙe a itace. A 2021 ma hukumar IUCN mai kula da kare halittu ta sa ta cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa a duniya.

Tsuntsaye kam sai wanda ya gani. Akwai wasu manya dangin cilakowa, kafin ka gan su za ka ji fukafukansu a sama fuu fuu kamar ana fifita wuta da babban faifai. Aku ma a can gidansa yake, irin mai toka-toka da jan wutsiya da ake sayarwa a keji, ganinsa yana tashi da 'yan uwansa ya sa na daina sha'awar na keji. Birai suna nan amma ba irin na Lekki ba ne, waɗannan da sun ji motsinka sai dai ka ga reshe yana kaɗawa. Da dare kuma duhun ko tafin hannunka ba ka gani, ƙwari da kwaɗi suna ta yi kamar za su tsaga kunne, ba sabis ba lantarki, na kwanta ina ta tasbihi don ban taɓa jin ƙanƙantar kaina irin ta daren ba.

Abin da ya sosa min rai shi ne da safe muna zaune shiru sai muka jiyo kukan injin yankan itace daga nesa. Dattijon nan bai ce komai ba, kai kawai ya girgiza. Masu saran itace ba izini da masu share daji su dasa koko suna ta cinsa ta gefe ta gefe, ainihin kurmin da ba a taɓa ba ya rage kaɗan a tsakiya. Shi ya sa nake cewa ka je, kar ka yi ta ɗagawa.

Shiri kuma, kar ka tashi kai kaɗai ka doshi wajen. Ka fara zuwa ofishin NCF, a cikin Lekki ɗin nan da Anti ta faɗa yake, suna da aikin kare giwaye a Omo, su za su gaya maka yadda ake samun izini da jagora da abin da ake biya a lokacin. Ka tafi da kambas mai kauri da doguwar safa ka cusa ƙafar wando a ciki saboda kwarkwasa, in kun ga layinsu ya ratsa hanya ku tsallake da sauri kar a tsaya kallo, wani abokinmu ya tsaya ɗaukar hoto sai da ya tuɓe wando a wajen. Gidan sauro, maganin shafawa na sauro, tocila, ruwan sha mai yawa, garin kwaki da ƙuli da kilishi da burodi, abin da ba ya lalacewa dai. A ganina mai shekara 12 za ta iya in tana da juriyar tafiya, mai 9 sai ka auna shi da kanka, sauran biyun su zauna da mamansu.

Alhaji na Mile 12

Assalamu alaikum. Yarana na karanta duk abin da kuka rubuta, jikana ne yake taya ni bugawa. Shekarata 38 a Ikko ina harkar tumatir da albasa, asalina mutumin ƙasar Birnin Gwari ne. Muna yara dajin Kamuku nan muke shiga mu ɗebo ɗinya da kanya da zuma, mu kwana a gona ba abin da ke damunmu sai sauro. Yau gonar mahaifina tana nan amma shekaru ke nan ba wanda ya isa ya je ya duba ta. Don haka matarka da ta ce ba da ita ba, ka rarrashe ta da hankali, kar ka ce mata tsoro ne da ita, abin da ta sani ne ya sa ta faɗa.

Ban hana ka zuwa ba ɗana, ganin halittar Allah ibada ce ga mai tunani. Amma akwai abin da duk cikinku ba wanda ya taɓo. Kai Bahaushe ne, kuma yanzu zamani ya kawo mu inda in aka ga Bahaushe a cikin daji a ƙasar Kudu ba yawon buɗe ido ne yake fara zuwa zuciyar mutane ba. Mutanen ƙauyukan nan su ma a tsorace suke saboda satar mutane, ga 'yan banga ga Amotekun, wato jami'an tsaron jihohin Yarbawa, kuma ba wanda ya manta abin da ya faru da mafarautan nan 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo a 2025, Allah ya jiƙansu. Saboda haka kar ku tafi ku zalla maza Hausawa a mota ɗaya ku ce za ku nemi hanya da kanku. Ku bi ta hannun hukumar wajen, jagora ɗan ƙasa ya tarbe ku tun daga bakin titi, kowa ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa, kar a ɗauki adda ko wata babbar wuƙa ko da ta yanka albasa ce. In kun ratsa ƙauye ku tsaya ku gaida baale, wato mai gari, kai da aka haifa a Agege ai Yarbanci a bakinka yake, ka yi amfani da shi, gaisuwa tana buɗe ƙofar da kuɗi ba ya buɗewa. In Bayaraben kwastoman naka zai yarda ya raka ku da iyalinsa to ya fi min komai. Kuma ka bar wa wani a gida sunan jagoran da ranar da za ku fito.

Ɗan Bichi

Baba Alhaji Allah ya ƙara girma, wannan gaskiya ce kuma laifina ne da ban faɗa ba. Mu lokacin da kakin bautar ƙasa muka je kuma an gauraya da Yarbawa da Inyamurai, shi ya sa ban ji komai ba. A bi maganar Baba.

Yaya na manta batun sallah da ka tambaya. Tafiyar ta kai ta ƙasaru. Ruwan alwala ba matsala, rafuka suna nan ko da rani. Alƙibla ce sai ka yi dabara don ba ka ganin inda rana take, ni tun a J4 da sauran sabis na duba a waya na riƙe, kamfas ɗin waya kuma yana aiki ko ba sabis. Ka tafi da leda mai faɗi ka shimfiɗa a ƙarƙashin darduma don ƙasar da danshi, kuma ka kakkaɓe takalmi kafin ka mayar da ƙafa.

Baban Aisha, Agege

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Alhaji na karanta wa uwargida saƙonka daga farko har ƙarshe, ta yi shiru ta share hawaye, ta ce a gaishe ka.

Na dawo ne in ba ku labari, ranar Talatar nan na rufe shago muka tafi Lekki mu duka har da ita da jaririyar, mun fita ƙarfe shida da rabi mun isa kafin tara. Maman Hanifa duk yadda kika faɗa haka muka tarar, har biran. Na 6 ɗin ya riƙe min riga gam da farko, daga baya shi ne a gaba yana ƙirga su, ya kai 23 ya rikice ya sake daga farko. Uwargida ba ta ce komai ba sai da muka yi nisa a kan katakon nan, ta tsaya ta dafa wani itace da ya ratso ta gefen hanya ta ce rabon da ta ji kukan tsuntsaye haka ba ƙarar janareta tun tana yarinya a gidan kakarta. Mun daɗe a wajen ban ce mata mu tafi ba.

Aisha kuma da muka zauna cin abinci ta ce min Baba to wannan ne kurmin? Na ce mata wannan ƙaninsa ne, babban yana gaba. Na shiga ofishin na yi tambaya sun yi min bayani, na kuma yi wa kwastoman nawa magana ya ce zai je da ɗansa, motarsa ma ta fi tawa tsayi. Mun sa sati na biyu na Janairu in Allah ya kai mu, ni da Aisha kawai, na 9 ɗin sai wani karon. Uwargida ba ta ce eh ba tukuna amma jiya na ga ta fito da gidan sauronmu na tafiya ta wanke ta shanya.

Ɗan Bichi dan Allah tafiyar ƙasan nan daga bakin kogi zuwa sansanin, a takun yarinya 'yar shekara 12 kana ganin za ta kai awa nawa? Kuma kambas ɗin irin na makaranta zai yi ko sai na nemo mata mai tudu a Katangowa?